Darasi na 12: Ceto Haƙorin Kare Idan Ya Karye

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin yawan haƙoran kare da aikin kowane iri;
2. bambance karaya mai sauƙi da karaya mai haɗari;
3. bayyana hanyoyin da likitan dabbobi ke bi ya ceto haƙori, da lokacin da cirewa ta fi alheri;
4. sanin abin yi da abin bari kafin a isa wurin likita;
5. tsare kansa da iyalinsa daga ciwon haukan kare.

Kare a ƙasar Zuru

A ƙasar Zuru kare ma'aikaci ne. Wanda ya zaga ƙauyukan ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, wato Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu, da wuya ya ratsa unguwa bai ji haushi ba. Da damina kare yana gona, yana korar birai daga masara da dawa. Idan aka kawar da amfanin gona, aka yi bikin Uhola, ciyawa ta bushe, sai mafarauta su nufi daji da gindin duwatsu da karnukansu, neman zomo da gafiya da gada. Da dare kuwa shi ne mai gadin gida da garke. A shekarun nan da ɓarayin daji suka addabi wasu ƙauyuka, mutane da yawa sun ƙara sanin darajar dabbar da ke jin motsi tun mai gida yana barci.

Duk waɗannan ayyuka da baki kare ke yin su. Da baki yake kamu, da baki yake riƙo, da baki yake ci, da baki yake tsare kansa. Abin da fartanya take ga manomi, shi haƙori yake ga kare. Amma sau da yawa idan haƙorinsa ya karye sai a ce ai kare ne, zai warke da kansa. Fata tana warkewa, ƙashi yana haɗewa, amma haƙorin da ya karye ba ya sake tsirowa, kuma idan karayar ta kai ciki ba ya warkewa da kansa har abada.

Musulmi da Kirista da mai bin al'adar gargajiya duk sun yarda cewa dabbar da ke hannunka amana ce. Musulunci ya halatta riƙon kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma a cikin ingantattun hadisai akwai labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ke cin moriyar kare, haƙƙi ne a kansa ya duba ciwonsa.

Haƙora nawa ke bakin kare?

Ana haihuwar kwikwiyo ba haƙori. Daga wajen mako 3 haƙoran nono ke fara fitowa, kafin wata 2 sun cika 28. Suna fara zuba yana ɗan wata 3 zuwa 4, idan ya kai wata 6 zuwa 7 haƙoran girma sun gama fitowa. Babban kare yana da haƙora 42, wato 20 a sama, 22 a ƙasa. Babban mutum 32 gare shi.

Haƙoran kare iri huɗu ne:

- Haƙoran gaba guda 12, ƙanana, da su yake gatsa da susa da tsince kaska daga jikinsa.
- Fiƙoƙi guda 4, dogaye masu tsini, na kamu da riƙo. Fiƙoƙin ƙasa kuma su ke tare harshe kada ya zubo waje.
- Ƙananan turame guda 16, a bayan fiƙoƙi, na yanka da tsinka nama.
- Manyan turame guda 10, can ƙurya, na niƙa.

A kowane gefe akwai haƙora biyu da suka fi sauran turame girma, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, waɗanda ke gogar juna su yanka nama da jijiya. A wannan darasi za mu kira su haƙoran yanka. Su da fiƙoƙi su ne haƙora takwas da suka fi muhimmanci a bakin kare, su ne kuma suka fi karyewa. Saboda haka su likita ya fi ƙoƙarin cetowa.

Abin da ke cikin haƙori

Haƙori abu ne mai rai. Abin da ido ke gani a saman dasashi shi ne kan haƙori. Sauran yana binne cikin ƙashin muƙamuƙi, shi ne saiwa. Saiwar fiƙa ta fi abin da ake gani a waje tsawo. Haƙorin yanka na sama kuwa saiwoyi uku gare shi.

A waje akwai farin ɓawo mai sheƙi, wanda ya fi komai tauri a jiki, sai dai na kare siriri ne ƙwarai, bai kai kaurin milimita ɗaya ba, bai kuma kai na mutum ba. Ƙarƙashinsa akwai ƙashin haƙori mai ɗan ruwan ɗorawa, wanda ke cike da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. A tsakiya akwai rami da ya bi tsawon saiwa har ƙarshenta. A cikin wannan rami ɓargon haƙori yake: tsoka mai laushi da ta ƙunshi jijiyoyin jini da jijiyoyin jin zafi.

Wannan ɓargo shi ne jigon darasinmu. Muddin yana rufe, haƙori yana lafiya. Da zarar karaya ta buɗe shi, ƙwayoyin cuta na baki sun sami ƙofa. Ɓargon zai kumbura, ya yi zafi mai tsanani, daga baya ya mutu. Ƙwayoyin cutar su bi ramin su gangara ƙarshen saiwa, su fara cin ƙashin muƙamuƙi, mugunya ta taru. Wannan kan ɗauki makonni ko watanni, a ɓoye, kare yana yawonsa.

Me ke karya haƙorin kare?

Na farko ƙashi mai tauri, musamman ƙashin ƙafar saniya da ake jefa masa bayan yanka. Idan ya datse shi da ƙarfi a ƙuryar baki, sai gefen haƙorin yanka na sama ya ɓalle. Na biyu sarƙa da waya. Karen da aka ɗaure yini guda a rana yakan yi ta gurgurar sarƙa, bayan fiƙoƙinsa ya lalace a hankali har wata rana su karye. Na uku bugu: jifa da dutse, sanda, harbin saniya ko jaki, bugun babur. Na huɗu farauta kanta, kamar tonon ramin gafiya a ƙasa mai tsakuwa, ko kokawa da naman da ya fi ƙarfinsa. Sai faɗa tsakanin karnuka, musamman lokacin barbara.

Akwai kuma karayar da mutum ke yi da hannunsa. Wasu kan datse tsinin fiƙoƙin kare da filaya domin kada ya kama kaji ko ya ciji baƙo. Wannan yana buɗe ɓargon haƙora huɗu a lokaci guda. Bai hana cizo ba, ya dai sa wa dabba azaba, kuma karen da ke cikin ciwo ya fi saurin cizo.

Yadda ake gane haƙorin da ya lalace

Kare yana ɓoye ciwo. Zai ci gaba da ci ko da haƙori na yi masa zogi, domin yunwa ta fi. Don haka kada a ce tunda yana cin tuwonsa lafiya lau yake. A lura da waɗannan alamu:

- yana tauna da gefe ɗaya, ko abinci na faɗowa daga bakinsa;
- ya kama nama ya saki, alhali da ba haka yake ba;
- yana goga fuska a ƙasa ko yana kai ƙafa baki;
- yana kauce wa hannu idan an taɓa kansa;
- bakinsa yana wari fiye da yadda aka saba;
- kumburi ko ƙurji a ƙasan ido, mai fashewa ya warke ya sake dawowa.

Wannan alama ta ƙarshe tana ruɗin mutane. Sai a ɗauka ciwon ido ne ko harbin kunama. Mafi yawan lokaci kuwa mugunya ce daga saiwar haƙorin yanka na sama, domin ƙarshen saiwarsa yana daidai ƙasan ido.

Idan karenka ne, ya saba da hannunka, an kuma yi masa allurar rigakafin hauka, kana iya ɗaga leɓensa a hankali da rana ka duba, ba tare da ka buɗe bakin ba. Dubi tsakiyar wurin da ya karye. Idan fari ne ko ruwan ɗorawa, ba ɗigo, mai yiwuwa ɓargo bai buɗe ba. Idan ka ga ɗigo ja ko ruwan hoda, ɓargo ya buɗe kuma yana da rai, karayar sabuwa ce. Idan ɗigon baƙi ne mai ɗan rami, ɓargo ya daɗe da mutuwa. Haka nan haƙorin da bai karye ba amma ya sauya launi gaba ɗaya, ya koma ruwan toka ko ruwan hoda ko shunayya, yawanci bugu ne ya kashe ɓargonsa daga ciki. Wani bincike da aka wallafa a 2001 ya gano cewa fiye da tara cikin goma na irin waɗannan haƙora ɓargonsu ya mutu, ko duka ko wani sashe.

Gargaɗi: ciwon haukan kare

Kafin kowa ya kai hannu bakin kare, ya riƙe wannan. Ciwon hauka ba kullum yake zuwa da cizo da gudu ba. Akwai irin da ke sa kare ya yi shiru, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, ya kasa haɗiya. Mai shi sai ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa ko haƙori ke ciwo, ya zura hannu yana lalube. Ƙwayar cutar tana cikin yawu, kuma ƙaramin rauni a yatsa ya ishe ta shiga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutane kimanin 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare suke kamuwa. Kimanin huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

Saboda haka, karen da ke dalalar da yawu, ko halinsa ya sauya farat ɗaya, a killace shi, a hana yara zuwa kusa, a kira ma'aikacin lafiyar dabbobi. Wanda kare ya ciza, ko yawunsa ya taɓa masa rauni, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Masu saye da sayar da karnuka a kasuwa su fi kowa kiyaye wannan, domin su ke taɓa karnukan da ba su san tarihinsu ba.

Ana yi wa kwikwiyo allurar rigakafi yana ɗan wata 3, sannan a maimaita kowace shekara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa wannan allura. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya.

A hannun likita

Ba a yi wa kare aikin haƙori idonsa biyu. Likita zai auna nauyinsa, ya saurari zuciyarsa, wani lokaci ya gwada jininsa, sannan ya yi masa allurar barci. Shi ya sa ake cewa kada a ba shi abinci tun daren da za a wayi gari a yi aikin, domin kada ya yi amai yana barci ya shaƙe. Bayan ya yi barci sai a duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoton ƙashi, saboda babban ɓangaren haƙori yana inda ido ba ya kaiwa. Hoton ne ke nuna ko saiwa ta tsage, ko ƙashin da ke kewaye da ita ya ci. Daga nan likita ke zaɓen hanya.

Hanya ta ɗaya: toshe kafofi. Idan ɓargo bai buɗe ba, likita zai goge kaifin karayar, ya shafa wani ruwan gam na haƙori da ke toshe ƙananan kafofin nan, domin rage zafi da hana ƙwayoyin cuta shiga. Aiki ne mai sauƙi.

Hanya ta biyu: ceto ɓargo mai rai. Ana yin ta ne idan karayar sabuwa ce, ba ta wuce kwana biyu ba, musamman ga karen da bai kai shekara biyu ba. Haƙorin ƙaramin kare bangonsa siriri ne, raminsa mai faɗi, kuma ɓargon ne ke ci gaba da gina bangon daga ciki yana ƙara masa kauri. Idan ɓargon ya mutu da wuri, haƙorin zai zauna da rauni. Don haka likita kan yanke ɗan saman ɓargon da ya gurɓata, 'yan milimita kaɗan, ya tsayar da jini, ya ɗora magani, ya rufe da abin cikon haƙori. Maganin da aka fi amfani da shi yanzu wani farin siminti ne na likitoci da ake kira MTA, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Loma Linda ta Amurka a shekarun 1990 domin haƙoran mutane. Abin lura a nan shi ne lokaci. Wanda ya jira mako guda ya rufe wa karensa wannan ƙofa.

Hanya ta uku: wanke ramin saiwa a cike shi. Wannan ita ce babbar hanyar ceto haƙorin da ɓargonsa ya mutu ko ya daɗe a buɗe. Likita zai huda ɗan ƙaramin rami a kan haƙorin. Sai ya zura siraran ƙarafa masu zarto, daga ƙarami zuwa babba, yana kankare bangon ramin yana fitar da mataccen ɓargo, yana duba hoto domin ya tabbata ya kai ƙarshen saiwa bai wuce ba. A babban kare ramin fiƙa kan wuce santimita 3. Tsakanin kowane ƙarfe da na gaba yana ɗauraye ramin da ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Idan ya yi tsaf, sai ya busar da shi da siraran tsinkayen takarda, ya cike shi tam da wata roba mai suna gutta-percha, wadda asalinta ƙaron wata bishiya ce ta yankin Malesiya, ya liƙe bakin. Haƙorin ba shi da rai kuma, amma yana nan daram a gurbinsa, ba zafi, ba mugunya, kare yana aiki da shi. Idan ƙwararre ya yi aikin, mafi yawansu suna ɗorewa. Karnukan 'yan sanda da na soja, waɗanda aikinsu kamu ne, akan ƙara musu hular ƙarfe a kan fiƙar domin kada ta sake karyewa.

Hanya ta huɗu: tiyatar ƙarshen saiwa. Wani lokaci an wanke rami an cike amma mugunya ta ƙi ƙarewa, ko ramin ya toshe ƙarfe ya kasa kaiwa ƙarshe, ko wani siririn ƙarfe ya karye a ciki. A nan sai likita ya biyo ta waje. Zai tsaga dasashi daidai inda saiwar ta ƙare, ya ɗaga shi, ya buɗe 'yar taga a ƙashin muƙamuƙi. Ya kwashe ruɓaɓɓiyar tsokar da ta taru, ya yanke ƙarshen saiwar kamar milimita 3, domin a nan ne ƙananan rassan rami suke, inda ƙwayoyin cuta ke ɓuya. Sai ya toshe bakin saiwar da simintin nan, ya mayar da dasashi, ya ɗinke da zare mai narkewa da kansa. Cikin watanni ƙashi zai cike tagar. Aiki ne na ƙwararru, kuma fiƙoƙi da haƙoran yanka aka fi yi wa.

Hanya ta biyar: mayar da haƙorin da ya fita. A faɗa ko haɗarin babur, fiƙa kan goce daga gurbinta ko ta fito ɗungurungum da saiwarta. Ana iya mayar da ita idan an hanzarta. A ɗauke ta ta kai, kada a riƙe saiwar, kada a goge ta, kada a bar ta ta bushe. A saka ta cikin sabuwar madara, ba nono mai tsami ba, a garzaya. Kowace sa'a da ta wuce tana rage sa'ar kamawarta. Likita zai mayar da ita, ya ɗaure ta da waya da gam na mako 4 zuwa 6, daga baya ya wanke raminta ya cike.

Hanya ta shida: cirewa. Idan saiwa ta tsage a tsaye, ko ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya ci sosai, ko babu kayan aikin ceto a kusa, ko kuɗin ya fi ƙarfin mai kare, sai a cire. Wannan ba gazawa ba ce. Giɓi mai lafiya ya fi haƙori mai mugunya, kuma kare yana cin abincinsa sarai bayan wurin ya warke. Amma cirewar ma tiyata ce. Likita kan ɗaga dasashi, ya raba haƙori mai saiwoyi da yawa gida-gida, ya fitar da kowace saiwa, ya ɗinke. Mai fizga da filaya kan haƙorin kawai yake karyawa, ya bar saiwa tana ruɓewa a ciki. Yana iya karya muƙamuƙin ƙasa. A fiƙar sama kuwa, ƙashin da ya raba saiwa da kogon hanci siriri ne, idan ya huje sai abinci da ruwa su riƙa fitowa ta hanci.

Haƙorin da ɓargonsa ya buɗe, zaɓi biyu ne kawai gare shi: a gyara ko a cire. A zuba masa ido ba magani ba ne.

Ina za a je?

A fara da asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa ko likitan dabbobi mai rajista. Shi zai duba, ya rage wa karen zafi, ya cire haƙorin idan cirewa ce ta dace, ko ya tura ka gaba. Wanke ramin saiwa da tiyatar ƙarshenta suna buƙatar injin hoton haƙori da kayan aiki na musamman, ba kowane asibiti ke da su ba, don haka a tambaya kafin a ɗauki hanya. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi, inda ake tura ayyuka masu wuya. A gida kuma, Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 tana da kwalejin koyar da likitancin dabbobi, abin da ke nufin masu wannan ilmi suna ƙaruwa a kusa da mu.

Karatu: mafarauci da likita

Ga misalin hira. Ɗalibai biyu su karanta ta a gaban aji.

Mafarauci: Salamu alaikum. Likita, barka da aiki.

Likita: Amin, alaikumus salam. Sannu da zuwa, Baba. Me ya sami karen?

Mafarauci: Jiya da yamma muna tonon gafiya fiƙarsa ta karye. Na ga jini a tsakiyar haƙorin.

Likita: Shekararsa nawa? An yi masa allurar hauka?

Mafarauci: Bai cika shekara ɗaya da rabi ba. An yi masa allura da kaka, ga takardar.

Likita: Madalla. Ka ba shi wani magani?

Mafarauci: Yara sun ce in ba shi maganin ciwon jiki da nake sha, na ce a bari sai na ji daga bakinka.

Likita: Ka kyauta, Baba. Irin waɗannan magunguna na mutane suna huda cikin kare, su lalata masa ƙoda. Kuma zuwanka yau ya yi amfani. Ɓargon yana da rai, karen yaro ne, ana iya ceto haƙorin.

Mafarauci: Ɗana, ka san halin da ake ciki. Idan abin ya fi ƙarfina fa?

Likita: Sai mu cire masa ita yadda ya kamata, ya huta. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ka mayar da shi gida haka.

Mafarauci: To, Allah ya yi albarka. A yi abin da ya dace.

Jinya bayan aiki

A ajiye kare a inuwa, wuri mai tsabta, har maganin barci ya sake shi. Mako biyu a ba shi abinci mai laushi, kamar tuwo da aka jiƙa da romo marar yaji da albasa, domin albasa tana lalata jinin kare. Ba ƙashi, ba farauta, ba sarƙar da zai gurgura. A ba shi maganin da likita ya rubuta har ya ƙare. Kada a ba shi farasitamol ko ibuprofen ko diclofenac. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na kemis kan sa kumburi ya sauka na 'yan kwanaki, amma ba ya kaiwa cikin mataccen haƙori, shi ya sa ƙurjin ke dawowa. Haƙorin da aka ceto ana son a sake ɗaukar hotonsa bayan wata 6, domin a tabbata ƙashi ya warke.

Rigakafi ya fi magani

- A daina jefa wa kare ƙashin ƙafar saniya da ƙaho da kofato.
- A rage ɗaure shi da sarƙa. Idan ya zama dole, a ɗaure a inuwa, da ruwa a kusa, a riƙa sakinsa ya motsa.
- A hana yara jifan karnuka.
- Kada a datse fiƙoƙi. Karen da ake tsoron cizonsa, horo da takunkumi ne maganinsa.
- A saba wa kwikwiyo da taɓa baki tun yana ƙarami. Wanda zai iya, ya riƙa goge masa haƙora da buroshi mai laushi da ruwa. Kada a sa man goge baki na mutane, domin kare haɗiye shi yake yi. Gogewa tana hana dattin da ke daskarewa a gindin haƙori, wanda ke jawo ciwon dasashi ga mafi yawan karnukan da suka wuce shekara 3.
- A duba bakin kare kafin a fara farautar rani da bayan an gama ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Taƙaitawa

Babban kare yana da haƙora 42, kuma fiƙoƙi da haƙoran yanka su ne mafi muhimmanci. A cikin kowane haƙori akwai ɓargo mai rai. Idan karaya ta buɗe shi, kare yana cikin ciwo ko da yana cin abinci. Likita yana iya ceto haƙorin ko ya cire shi, kuma saurin kai kare yana ƙara yawan hanyoyin da za a iya bi. Kada a zura hannu a bakin karen da ke dalalar da yawu.

Tambayoyi

1. Haƙoran nono nawa kwikwiyo ke da su? Na babban kare fa?
2. Me ɗigo ja a tsakiyar karaya ke nunawa? Baƙin ɗigo fa?
3. Me ya sa kumburin ƙasan ido kan zama ciwon haƙori?
4. Wace hanya ce ba ta yiwuwa idan karaya ta wuce kwana biyu? Don me?
5. Faɗi illoli biyu na cire haƙorin kare da filaya.
6. Me mutum zai yi nan take idan kare ya cije shi?

Lissafi

1. Tara 12 da 4 da 16 da 10. Nawa ka samu?
2. Haƙoran babban kare sun fi na babban mutum da nawa?
3. An yi wa kare aiki ranar 5 ga Janairu. A wane wata za a mayar da shi ɗaukar hoto?

Aikin gida

Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya zaga gidaje biyar masu kare a unguwarsu, ya tambaya ya rubuta: karnuka nawa ne, nawa aka yi wa allurar rigakafin hauka a bana, nawa masu su suka san suna da karyayyen haƙori. Kada kowa ya taɓa bakin karen da ba nasa ba. Ku kuma binciko inda asibitin dabbobi mafi kusa yake da ranakun da ake samun likita. A darasi na gaba za a haɗa sakamakon a allo, a rubuta wasiƙa ɗaya da sunan aji zuwa ga jami'in lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma, a roƙe shi ya sa ranar da zai zo unguwa ya yi allurar rigakafi, ya kuma duba bakin karnukan.